Kafin ka ƙara lasifika a masallacin nan

Kai yaro, na ji tambayarka. Masallacin unguwarku da aka ba ka aikinsa, akwai lasifika 6 a ciki, amma mutanen sahun baya sun ce ba sa gane karatun liman, kana son ka san ko ka ƙaro biyu ne ko ka sayo amfilifaya mai wat 1000. Kada ka sayi ko ɗaya. Da wani ne ya zo mini da wannan da ban ɓata yawuna ba, amma a shagona ka koyi narka dalma, in ka kwafsa sunana za a kira.

Mutanen nan suna ji, har kunnensu zafi yake yi. Ganewa ce ba sa yi. In sauti ya fito daga lasifika, kaɗan ne ke isa kunne kai tsaye. Sauran sai ya daki bango, ya daki silin, ya daki daɓe, sannan ya iso a makare. Tayil da siminti da gilashi ba sa shan komai, abin da ka jefa musu shi suke maido maka. Liman ya furta kalma, kafin ta mutu ya furta ta biyu da ta uku, duk su hau kan juna. Wasula su ne masu ƙarfi, su suke daɗewa suna yawo a ɗaki, sai su danne ƙananan baƙaƙe irin sin da shin da fa, alhali da su ake rarrabe wannan kalma da waccan. Ka murɗa murya sama, ka ƙara wa amsa-kuwwa ƙarfi daidai da yadda ka ƙara wa liman. Wat ɗin da ku 'yan zamani kuke rantsuwa da shi kuwa, in ka ninka shi ƙarin desibel 3 kacal ka samu a ma'aunin ƙarfin sauti.

Wannan magana ce ta ci mini kuɗi a hannun wani Alhaji, kuma har gobe ban yafe ba.

Mutumin ya gina masallacin Juma'a, ginin da kowa ya gani sai ya tsaya. Tayil daga ƙasa har sama, tagogi manya na gilashi, ga kubba a tsakiya. Da aka kai ni, na shiga ba kowa, na tsaya ƙarƙashin kubbar na tafa hannu sau ɗaya. Wallahi sai da na ƙirga kusan biyar kafin tafin ya mutu. Kubba kwano ce a kife, tana tattara sauti ta zubo shi wuri ɗaya, wanda ke ƙarƙashinta ya ji abu biyu, na gefensa ya ji guntu. Nan take na gaya masa gaskiya: a shimfiɗa kafet mai kauri da soso a ƙarƙashi, a rufe bangon baya da katako mai huda-huda da audugar gilashi a bayansa, ni kuma in sa dogayen lasifikun bango sirara, ƙasa-ƙasa, suna kallon kawunan mutane. Hon, wato lasifika mai bakin ƙaho, a bar shi a hasumiya, can ne gidansa, don kiran salla aka yi shi.

Sai ya yi dariya. Wai shi daga waje ya yi odar tayil ɗin nan, ba zai rufe shi da katako ba, kafet kuma sai bayan sallar Idi. Na ce to, a rubuta cewa na faɗa. Ya ce haba Malam, tsakaninmu har sai an yi rubutu? Ya ba ni rabin kuɗi, na cika da nawa na sayo kaya daga kasuwar Alaba ta Legas, na yi aiki mai tsafta. Kowane ɓangaren amfilifaya na ɗora masa lasifika biyu masu om 8, ya zama om 4, daidai abin da aka rubuta a bayanta (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta, in ya ragu wutar da ake ja ƙaruwa take yi). Na saita mikisa, na rage bes, na manna salatif a kan maɓallan don kada wani ya taɓa. In masallaci ya cika ana ganewa, don jikin mutum da tufafinsa suna shan sauti. Asuba ce matsala, sahu biyu a cikin wannan ƙaton kango.

Azumi na kamawa, wani yaro ɗan'uwan matarsa, irinku masu koyon sana'a a YouTube, ya ce masa ai murya ce ta yi kaɗan. Ba wanda ya kira ni. Ya sayo hon 4 ya kafa a cikin masallaci, ya jona su kan wayoyina, biyu nan biyu can. Lissafin da ɗan firamare zai yi: lasifika 4 masu om 8 a jone gefe da gefe, om 2 ke nan. Amfilifayar da aka yi don om 4 ta yi ta jan wuta tana zafi. Ya ɓare salatif ɗina ya ƙure komai. Hon ɗaya ma mihirabi yake kallo, makirfon liman na tsinto muryar lasifika yana maido ta, sai kuka kamar za a fasa dodon kunne. Ana tsakiyar tarawihi hayaƙi ya tashi, tiransisto suka ƙone ƙurmus.

Washegari Alhaji ya aiko a kira ni, a gaban 'yan kwamiti ya ce jabun kaya na sayar masa. Na ɗauko amfilifayar na nuna musu wayoyin da aka ƙara, launinsu ma daban da nawa, an murɗe su da hannu ko dalma babu. Kowa ya gani, kowa ya sunkuyar da kai, don shi ya gina masallacin. Cikon kuɗina ya ce ya tafi a asarar da na ja masa. Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Wani bawan Allah ya ba da sadakar kafet, aka shimfiɗa bango zuwa bango, karatu ya fito sarai, sai Alhaji ya riƙa gaya wa mutane wai yaron nan ne ya gyara ɓarnar da na yi. Har yau in hanya ta bi da ni ta wajen, ba na tsayawa salla a ciki, gara in ƙarasa na gaba.

Kuma abin ba sabon ilimi ba ne. Tun 1895 aka ba wani malamin jami'ar Harvard a Amurka, Wallace Sabine, gyaran wani zauren lacca da kalma ke yin sama da daƙiƙa 5 tana yawo a ciki. Da matasan kujera ya gano bakin zaren, yana kwaso su daga wani zaure da daddare, yana ƙarawa yana auna lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Ɗakin magana ana so ya mutu a wajen daƙiƙa 1. Kakanninmu ba su san Sabine ba, amma shiga soron ƙasa mai rufin azara da tabarmi a shimfiɗe ka yi magana, ka ji yadda take fita.

Yadda ake jan waya da haɗa ja da baƙi ba zan tsaya faɗa maka ba, in ba ka iya ba ka koma sayar da cajar waya. Gobe bayan azahar, in an watse, shiga ka tafa ka ƙirga. Sannan auna tsawon masallacin da ƙafa. Sauti na tafiya wajen mita 343 a daƙiƙa, to bangon da ke nesa da mita 17, zuwa da dawowa mita 34, kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ke nan, kunne zai ji kalma sau biyu. Haka in lasifikar gaba da ta baya sun yi nisa da juna kuma suna magana lokaci ɗaya, na baya zai ji ta kusa da shi, sannan ta gaba ta iso masa a makare. Ta bayan ake jinkirtawa, wajen milisakan 3 (kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa) a kowace mita. Cikin 6 ɗin nan ina kyautata zaton biyu bango suke wa huɗuba, kashe su ka saurara. In dole sai da yawa, koma layin bolt 100 mai tiransifoma a kowace lasifika, ka tara wat ɗinsu kada ya kai na amfilifaya. Makirfo ya kasance a bayan lasifika, kusa da bakin liman.

Ka cire abin nan da kake toshe kunne da shi yini guda kana jin kiɗa. Desibel 85 ma awa 8 aka yarda mutum ya zauna a ciki, kai kana ɗura wa kanka fiye da haka, sannan ka ce za ka saita wa jama'a murya. Duk abin da za ka gaya wa kwamiti game da kafet da bango, rubuta a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu, ka karɓi kuɗin kaya cif kafin ka huda bango ko ɗaya. Akwatin mikisa kuma ka sa masa kwaɗo, makulli ɗaya wajenka, ɗaya wajen ladan.