Ba yawan doki ke kashe injin turbo ba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce motarka mai injin lita 2 ce da turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), ta ɗan kwana biyu a hanya, kana son a taɓa kwamfutarta a ƙara mata ƙarfi, kuma kana tambayar doki nawa za ta ɗauka kafin injin ya tashi aiki. Na ga wasu sun ba ka lamba, wannan ya ce 300, wancan ya ce 350. Ni dai ba zan ba ka lamba ba, domin a shekarun da na yi ina wannan harka na ga inji iri ɗaya, ƙarfi iri ɗaya, ɗaya yana ta aiki lafiya, ɗayan kuma fistin ɗinsa ya tsage tun ba a je ko'ina ba.

Kamfani idan ya ƙera inji yakan bar rara. Ya san akwai wanda zai zuba mai maras kyau, akwai ranar tsananin zafi, akwai mai mantawa da juyen baƙin mai. Ƙarin ƙarfin da mai tunin (wato mai sauya saitin kwamfutar mota) zai ba ka, daga wannan rarar yake ciro shi. To nawa ya rage a taka motar? Amsar ta dogara da shekarunta da irin riƙon da aka yi mata.

Abin da ya fi kashe waɗannan injina shi ne ƙwanƙwasa, wato ragowar man da ke cikin silinda ya fashe da kansa maimakon ya ƙone a tsanake bayan fulogi ya ba da wuta. Da zarar an ƙara matsin iska, zafi da matsi a cikin silinda sun ƙaru, idan okten ɗin man (ma'aunin juriyarsa ga fashewa da kansa) bai kai ba sai fashewar ta fara dukan kan fistin. Wurin da ya fi saurin karyewa shi ne ɗan tudun da ke tsakanin ringi da ringi. Kada ka dogara da kunnenka. Sau da yawa ba za ka ji komai ba, kwamfuta ce kawai ke ta ja da lokacin wuta baya tana ceton injin, har ranar da ja da bayan ya kasa. Injina masu fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da ƙarin wata cuta: man yakan kama wuta tun kafin fulogi ya kunna, musamman idan kana babbar giya, juyin inji yana ƙasa, ka taka totur har ƙasa. Saboda ita aka fito da mizanin baƙin mai na API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020. Duba jikin galan ɗin da kake saya.

Na biyu, kuma wanda mutane suka fi raina shi, ƙarfin murɗawa ne a ƙaramin juyi. Shi ne mai daɗin nan da ke manna bayanka da kujera, shi ya sa wasu masu tunin ke cika shi tun daga juyi 2,000 don mai mota ya ji kuɗinsa sun yi aiki. Amma a nan ne konrod (sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf) ke lanƙwashewa, metal ɗin da yake juyawa a kai ya daku, gaskit ɗin top ya fara hura iska cikin ruwa. Ƙarfe ba ya karyewa rana ɗaya, kamar waya ce da kake lanƙwasawa gaba da baya, tana nan lafiya a ido har lokacin da za ta rabu biyu. Tunin mai hankali yana rage matsin a ƙasa ya bar shi ya hau a hankali, ko da motar ba za ta burge abokai a tashin farko ba.

Kuma ba lallai injin ne zai fara sarewa ba. Giyar DSG ta Volkswagen (giya mai canza kanta) mai lamba DQ200 an yi ta ne don ƙarfin murɗawa kimanin Nm 250, DQ250 kuma wajen Nm 350. Mai giyar hannu kuwa kuloci ne zai fara zamewa. Sai mai: a ƙarƙashin matsi ana son cakuɗin ya yi kauri, wajen kashi 11.5 zuwa 12 na iska a kan 1 na mai, ba 14.7 na tafiyar yau da kullum ba, domin ƙarin man yana sanyaya silinda. Idan famfon mai ko nozul suka kai iyakarsu, cakuɗin ya tsinke, zafi ya haura, fistin ya narke.

Za a kawo maka labarin injin 2JZ na Toyota Supra, wanda ya fito Amurka da doki 320 amma ake ninka shi ba tare da an buɗe cikinsa ba. Gaskiya ne, sai dai bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne mai kauri, an ƙera shi da rara mai yawa. Ƙananan injinan yanzu tun daga masana'anta an riga an matse su.

Da ni ne kai, kafin a taɓa komai zan sa a gwada matsin kowace silinda, a sa sababbin fulogi, a duba ko bututun iska yana yoyo. Sannan a ɗauki bayanan kwamfuta ana tafiya: yawan ja da wuta baya, zafin iskar da ke shiga bayan intakula (mai sanyaya iskar turbo), da matsin mai. A maimaita gwajin sau uku ko huɗu a jere, domin taku ɗaya da inji mai sanyi kowace mota tana cinye shi, a na huɗu ne intakula ƙarami ke tona kansa. Duk mai tunin da zai loda maka fayil ya miƙo maka makulli ba tare da ya duba waɗannan ba, ka ɗauki motarka ka yi gaba.

Turo mana lambar injin, irin giyar, kilomita nawa ta yi, da okten ɗin man da kake samu a kai a kai, ba wanda kake samu jefi-jefi ba. Da su za a iya faɗa maka wane sashe ne zai fara gajiya a taka motar.