Me ya sa bayan agogona yake tsatsa?

Tambaya: Agogon hannuna an rubuta masa cewa ƙarfen da ba ya tsatsa ne, amma ga ɗigo-ɗigon tsatsa a gefen murfin baya. Jabu aka sayar mini? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ba lallai jabu ba ne. Galibin agoguna masu kyau da ƙarfe samfurin 316L ake yin su. Sinadarin kuromiyam da ke cikinsa ne yake yi masa wata siririyar kariya da ido ba ya gani, gishirin da ke cikin gumi kuwa shi ne yake huda ta. Inda gumi da dauɗa suke maƙalewa iska ba ta shiga, kamar bakin murfin baya da wajen da madauri ya haɗu da jikin agogo, nan ɓarnar take farawa. Idan kore-kore kake gani, to tagulla ce aka yi wa rufi, rufin ya goge.

Kullum da dare ka share shi da busasshen ƙyalle mai laushi. Duk mako biyu, ka tabbatar maɓallin saita lokaci yana a rufe, ka cire madaurin idan na fata ne, ka wanke lunguna da burushin haƙori mai taushi da ruwan ɗumi da ɗigon sabulu, ka ɗauraye, ka tsane shi sosai. Wannan wankin sai agogon da aka rubuta wa mita 50 ko fiye a matsayin ma'aunin jure ruwansa. Mai mita 30 fantsalin ruwa kawai yake jurewa, gara ka tuɓe shi lokacin alwala. Kada ka kusantar da shi ga bilic, kada ka fesa masa turare.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi zoben robar da ke ƙarƙashin murfi ne. Yana bushewa ya tsage. Duk sanda za a canja batir, ka ce wa mai gyara ya duba shi, ya shafa masa man silikon ko ya sa sabo. Mataccen batir ma kada ya daɗe a ciki, yana yoyo ya cinye injin. Da ka ga raɓa a cikin gilashi, kai shi gyara a ranar, tsoma shi cikin shinkafa ɓata lokaci ne.

Tambaya: Agogona mai haɗuwa da waya ya daina karɓar caji.

Amsa: Duba ƙananan ƙarafan caji da ke bayansa. Gumi yakan dasƙare musu. Goge su da auduga da ɗan sipirit, ka bar su su bushe kafin ka jona.