Tambaya da Amsa: Ratsa Amurka a Kan Keke Don Tara Taimako

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a Amurka. Ni da abokaina biyu muna son mu ratsa ƙasar a kan keke, daga bakin wannan teku zuwa wancan, a lokacin dogon hutu, domin mu tara wa wata ƙungiya mai kula da masu ciwon sikila kuɗi. Wace hanya ya kamata mu bi, kuma kwana nawa za ta ci?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ku ladan niyya. Shawararmu ita ce ku bi hanyar da ake kira TransAmerica Trail, wadda aka buɗe a 1976 lokacin da Amurka ta cika shekara 200 da samun 'yanci. Ta tashi daga Astoria a jihar Oregon ta dire Yorktown a Virginia, wajen kilomita 6,800, ta ratsa jihohi goma. Ƙungiyar Adventure Cycling Association da ke Missoula a jihar Montana tana sayar da taswirarta, wadda ke nuna inda akwai ruwa, kanti, wurin kwana da mai gyaran keke. Ku saye ta, domin akwai wuraren da waya ba ta samun sabis.

Lissafin kwana kuwa mai sauƙi ne. In kuna yin kilomita 90 a rana, kwana 76 ke nan a kan sirdi. Ku ƙara hutun kwana ɗaya kowane mako, ya kama wata uku. Kada ku matse lissafin ya koma wata biyu. Masu yin haka gwiwa na iya tsayar da su. In daga gabas za ku tashi, tsakiyar Mayu ya yi daidai: kafin ku isa duwatsun Colorado, inda hanya ke hawa sama da mita 3,500 a Hoosier Pass, dusar ƙanƙara ta narke. Sai dai ku sani, hawan da ya fi ba da wuya yana gabas ne, a Virginia, Kentucky da Missouri. Tuddan can gajeru ne amma a tsaye suke, ga su a jere babu wurin shan iska, alhali na yamma dogaye ne masu sauƙin gangara.

TAMBAYA: Wane irin keke ya dace, kuma me ya fi lalacewa a hanya?

AMSA: Ba sai mai tsada ba, amma ya zama wanda aka ƙera don ɗaukar kaya, mai wurin ɗaura kariya (ƙarfen ɗora kaya) gaba da baya. Abu biyu za ku duba kafin komai. Na farko giya: ƙaramin faranti na gaba ya kasance mai haƙori 24 zuwa 26, babban na baya mai 34. Da giya mai nauyi mutum zai riƙa danna feda da ƙarfi a kan tudu, kuma nan ciwon gwiwa ke samo asali. Feda ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90 a minti, cikin sauƙi. Na biyu ƙafar baya: a nemi mai sifok 36, a kai wa gwani ya ɗaure su daidai kafin tafiya. Sifok ya fi tsinkewa a ɓangaren da sarƙa take, saboda can ne ya fi ɗaurewa kuma can nauyi ke sauka. Da ɗaya ya tsinke, sauran sun ɗauki kayansa, sai su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ku riƙe sifok huɗu na ajiya da ɗan ƙarfen kwance haƙoran baya, don ba a iya zura sabo a wannan ɓangaren sai an cire su.

Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 38, mai kariya daga ƙaya. A gabashin Colorado da Kansas akwai tsidau, shi ɗin dai da kuka sani a gida, kuma yana iya sa mutum faci uku a yini. Kowa ya riƙe tub biyu, faci da sholisho, famfo, wayar birki da ta giya, da robar birki. In kun yi faci, ku shafa cikin tayar da yatsa ku zare ƙayar, in ba haka ba za ta sake huda sabon tub ɗin nan take. Sarƙa tana miƙewa bayan kilomita 3,000 zuwa 4,000, don haka a canza ta a tsakiyar tafiya. In aka bar ta, za ta cinye haƙoran baya, gyaran ya ninka. Kaya kuma kada su wuce kilo 18 ga mutum ɗaya, a raba wani kaso zuwa gaba.

TAMBAYA: Jiki fa? Muna tsoron ƙishirwa da rashin abincin halal.

AMSA: Ku fara atisaye wata uku kafin tashi, har ku iya yin kilomita 80 kwana biyu a jere da cikakken kaya. Abin da ya fi mayar da mutane gida shi ne gyambon sirdi, wanda gumi da gugar fata ke kawowa. Maganinsa wandon keke mai soso guda biyu, a sa shi babu kamfai a ciki, a wanke kullum, a cire da zarar an sauka. In gaban gwiwa ke ciwo, sirdi ya yi ƙasa. In bayanta ne, ya yi sama. A gyara da milimita 3 zuwa 5 kawai, a gwada yini guda.

Ruwa rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa, gwargwadon zafi, tare da ɗan gishiri, don ruwa zalla ba ya mayar da abin da gumi ya fitar. Tsakanin Lander da Rawlins a Wyoming akwai kusan kilomita 200 da kantuna ƙalilan ne, ga iska mai ƙarfi. Ku shiga da lita biyar kowa. Ku ci wani abu duk awa tun kafin yunwa ta zo. Dabino, ayaba, burodi da man gyaɗa, kifin gwangwani, ƙwai da shinkafa sun wadatar, kuma yawancinsu ana samu a ƙananan garuruwa. A gandun dajin Yellowstone, kada abinci ko man goge baki ya kwana cikin tanti saboda dabbar beyar. Akwai akwatunan ƙarfe da aka tanada. A Kentucky kuma karnuka kan biyo keke: a tsaya, a sa keken tsakani, a daka tsawa. Batun kasaru da haɗa salla, ku zauna da malami kafin ku tashi.

TAMBAYA: Yaya za mu karɓi kuɗin jama'a ba tare da zargi ba?

AMSA: Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a wurinmu, domin amana ce. Ku raba asusu biyu tun ranar farko. Kuɗin abinci, masauki da gyaran keke daga aljihunku ko daga wanda ya ɗauki nauyinku a fili. Gudummawa kuwa kada ko sisi ya bi ta asusun ɗayanku. Ku rubuta wa ƙungiyar ku sami amincewarta a rubuce kafin ku yi amfani da sunanta, ku tabbatar tana da rajistar 501(c)(3), wato ta ƙungiyoyin agaji, a shafin hukumar haraji ta IRS, sannan ku nemi ta buɗe muku shafin da kuɗi zai shiga hannunta kai tsaye. Ta haka mai bayarwa zai sami rasit daga ƙungiyar kanta. Yawancin shafukan tara kuɗi na intanet suna cire kaso daga kowace gudummawa, ku faɗa wa mutane nawa ne.

Yawancin kuɗin yakan shigo ne kafin tashi da kuma makon isowa, tsakiya kan yi sanyi. Saboda haka ku fara nema wata uku kafin tafiya, daga dangi, masallaci da abokan karatu, ku riƙa sanar da inda kuka kai kowane mako. Ku kuma bayyana tun farko cewa ko rauni ya tsayar da ku a Kansas, abin da aka tara na masu sikila ne, zai isa gare su.