Amsa: Dalilin da fatar akuya ke ƙandarewa bayan jima

Malam, fatar da ka ce tana ƙandarewa bayan bagaruwa, ragowar farar ƙasar da aka cire gashi da ita na cikin abubuwan da ke jawo haka. Bayan cire gashi, jiƙa ta a ruwa da takin amoniyam salfet, kashi 2 cikin 100 na nauyin fatar, don fitar da farar ƙasar. Sannan a tausasa ta da inzayim (sinadarin tausasa fata na kamfani), ko kashin tattabara irin na majema, a ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37 na Selshiyos, kamar awa 1 in inzayim ɗin kamfani ne. Danna babban yatsa: in shatin ya zauna, ta yi. In ta wuce lokaci, fuskar fatar za ta saki.

In ka zo jima, fara da tsinkakken ruwan bagaruwa, don mai kauri yana toshe waje, ciki ya zauna ɗanye. Kada ka jiƙa a garwa, ƙarfe yana baƙanta fata.