Kawu, ga dalilin da ya sa muke kai baƙonmu lambun Kew

Kawu, ranka ya daɗe. Na ji saƙon muryarka, har sau biyu na saurare shi. Ka ce ka ga hotunan da Inna ta turo lokacin da ta zo mana, abin ya ɗaure maka kai: a ce mutum ya ƙetare teku ya zo Landan, garin gadoji da fadar sarki, sannan a ɗauke shi a biya kuɗi a bakin ƙofa don ya je kallon itatuwa? Tambayarka tana kan hanya. Ni ma da na zo sabuwa na yi ta a raina, sai da na shekara biyu kafin na yarda aka kai ni. Yanzu kuwa, a cikin 'yan uwanmu Hausawa da muke zumunci da su a nan, da wuya baƙo ya zo ya koma ba a kai shi wurin ba.

Sunan wurin Kew. Yana kudu maso yammacin Landan, a gefen Kogin Tems, kuma jirgin ƙasa na cikin gari yana sauke mutum kusa da ƙofarsa. Wata gimbiya mai suna Augusta, mahaifiyar Sarki George na Uku, ita ta fara shi a 1759, yana ɗan ƙaramin lambu. Yau faɗinsa ya wuce eka 300, kuma tun 2003 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da mai yawon buɗe ido yake gani rabin labarin ne kawai, don a bayan fage masana ne ke aiki. Suna da ɗakunan ajiya da ke ɗauke da busassun ganyaye da furanni kimanin miliyan 7, kowanne an manna shi a takarda an rubuta inda aka tsinko shi da ranar.

Amma abin da ke jan mu shi ne wani gida na ƙarfe da gilashi da aka gina tsakanin 1844 da 1848, siffarsa kamar an kifar da jirgin ruwa. A cikinsa ake renon itatuwan ƙasashe masu zafi da ruwan sama. Kawu, sai ka zauna a ƙasar da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, itatuwan titi duk sun kaɗe ganye sun tsaya tsirara, sannan za ka san abin da buɗe ƙofar nan yake yi wa zuciya. Kana tura ƙofar sai ɗumi ya rungume ka, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancinka kamar ranar ruwan farko, mai tabarau kuma sai ya cire ya goge don tururi ya rufe shi. Na sha ganin manyan mutane, masu furfura, sun yi tsit a bakin ƙofar nan na ɗan lokaci ba su ce uffan ba.

Ranar da muka kai Inna, tun daga jirgi take tafe a takure cikin rigar sanyi, tana bin mu duk inda muka ce, kamar yadda baƙo yake yi a ƙasar da ba ya jin harshenta. Muna shiga gidan gilashin nan ta kwaɓe rigar ta miƙa mini, ta wuce gaba. Ta tsaya gindin kwakwar manja, ta nuna rake, ta nuna ayaba, ta fara yi wa jikokinta bayanin yadda ayaba ke haihuwa sau ɗaya a sare ta, 'ya'yanta na gindi su taso. Yaran nan a nan aka haife su, ayaba a kanti suka san ta, a jere a kan teburi. Ƙaramar ta ɗauka daga sama take rataye kamar mangwaro. Sati uku Inna tana gidanmu suna yi mata Turanci tana yi musu Hausa, kowa na kame-kame, amma a wannan sa'a guda su ne ke biye da ita suna tambaya, ita ce malama. Wannan ne dalilinmu na gaskiya. A Landan babu inda dattijonmu yake fin 'ya'yanmu sanin hanya sai a can.

Yadda muke tafiyar kuwa, akwai tsarinta. Ba ma barin baƙo ya taɓa aljihunsa, mai masauki ke biyan kuɗin shiga, kuma wasu a cikinmu sun yanki katin shekara saboda yawan baƙi. Gida ɗaya ba ya zuwa shi kaɗai: sai a sanar a zauren WhatsApp cewa wance ta yi baƙuwa, gida uku ko huɗu su haɗu ranar Asabar. An fi so a je da bazarar nan ƙasar, daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da yini ke da tsawo, a watan Yuni har ƙarfe tara na dare da sauran haske. Kowa ya zo da abin da ya dafa, don an yarda a shimfiɗa tabarma a kan ciyawa a ci abinci, muddin za a kwashe shara a tafi da ita. Idan azahar ta yi mukan nemi gefe mai shiru a bayan itatuwa mu yi salla, ni dai ban taɓa ganin wanda ya ce mana don me ba. Ba a buga ƙwallo, ba a hawa keke, ba a hawa bishiya, saboda haka tun daga gida ake ja wa yara kunne.

Dokar da ta fi yi wa mutanenmu nauyi ita ce ta hannu. Mu da hannu muke sanin itace: a tsinki ganye, a murza, a sansana, wani lokaci a ɗanɗana. A can ko fure ɗaya ba a tsinka, ko 'ya'yan da suka faɗo ƙasa ba a ɗauka a sa a jaka. Kafin mu shiga nakan faɗa wa baƙo wannan a hankali, don kada mai gadi ya yi masa magana ya ji an muzanta shi. Kuma na yarda da dokar ɗari bisa ɗari, tun ranar da na tsaya gaban wani itace mai kama da gajeriyar dabino a ɗaya babban gidan gilashin. A 1895 aka gan shi a wani daji na Afirka ta Kudu, namiji ne shi kaɗai, kuma har yau ba a taɓa samun macen irinsa ba. Duk wanda ke duniya yanzu daga jikin wancan ɗaya aka ciro shi. A gidan ɗumin kuma akwai ɗan uwansa da aka kawo a 1775, yana cikin tukunya tun lokacin, ya tsufa ya karkata har an tokare shi da ƙarafa. Idan kowane mai wucewa zai tsinki ganye ɗaya, da tuni babu su.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da ke sosa mini rai a wurin. Tarin itatuwan nan ba da sadaka suka zo ba, a zamanin mulkin mallaka aka tattaro da yawansu. A 1876 wani Bature mai suna Henry Wickham ya kwaso irin itacen roba kimanin 70,000 daga Brazil ya kawo Kew, aka tsirar da abin da ya tsiro, aka aika da dashen zuwa Silon da Malaya, wato Siri Lanka da Malesiya na yau, kuma bayan shekaru kusan arba'in kasuwar roba ta bar hannun mutanen Brazil. Mu ma muna cikin labarin. Wani likita ɗan Sikotilan, Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya wallafa littafin sunayen itatuwa da tsirrai da Hausa a 1916, daga baya kuma ya zo Kew aka haɗu da shi wajen rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma. Sunayen nan daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya ji su. Idan na tuna haka sai in ji daɗi cewa an adana, in kuma ji ciwo cewa sai na zo Ingila na san an taɓa yin wannan aiki da harshenmu.

Shi ya sa muka ƙirƙiro wata 'yar al'ada tamu. Kowane itace a lambun yana da ɗan allo a gindinsa ɗauke da sunansa na Latin da ƙasar da ya fito. Yaro ya karanta allon, babba ya faɗi sunan da Hausa idan ya sani, a rubuta a littafi. Ta haka babbar 'yata ta gane cewa kwakwar manja sunanta na masana yana ɗauke da kalmar Gini, wato gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Da ta dawo gida ta ci gaba da bincike da kanta, ta gano kuka ma an laƙaba mata sunan wani Bafaranshe, Adanson, wanda ya gan ta a Senegal. Ta zo tana tambayata me ya sa aka sa wa kuka sunan baƙon da ya zo ya tarar da ita. Na ce ta ajiye tambayar sai ta haɗu da kai.

Littafin nata yanzu ya kai shafi shida, amma rabin layukan babu Hausarsu, don ni da mahaifinta abin da muka sani bai taka kara ya karya ba, Inna kuma ta ce kai ne ka yi kiwo da noma, kai ka san daji. Zan turo maka hotunan ganyaye goma sha biyu da ta ɗauka. Don Allah ka duba, wanda ka gane ka faɗi sunansa da murya, ka ƙara da abin da ake yi da shi, a hankali yadda za ta iya rubutawa. Idan kuma Allah ya nufa ka zo mana, ka taho da takalmi marar nauyi, don tafiyar ƙafa ce ta yini guda. A gaida Gwaggo da yara.