Kowa na yaba manhajarmu, in ajiye aiki in kafa kamfani?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai rubuta manhaja ne, shekara huɗu ina yi wa wani kamfani aiki. Ni da abokina mun haɗa wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke karanta dogayen takardu ta fitar da muhimman bayanai. Duk wanda muka nuna wa sai ya yaba. Ina tunanin ajiye aiki mu mayar da ita kamfani. Tunda ka bi wannan hanya, me ka koya, kuma me za ka sauya da za ka sake farawa?

Amsa: Ƙanena, na gode da wannan tambaya. Inda na tsaya a wasiƙarka shi ne inda ka ce kowa na yabawa, domin a nan ne ni ma na yi tuntuɓe.

Manhajarmu ta farko tana karanta takardun biyan kuɗi ne ta cike wa akanta lissafi. A wajen nuni ba ta taɓa ba mu kunya ba. Mu saka takarda, kafin ka ƙifta ido ta fito da suna da kwanan wata da jimilla, mutane su yi ta jinjina kai. Wata shida muka yi muna ɗaukar wannan jinjinar a matsayin ciniki. Sai ranar da na je na zauna kusa da wata ma'aikaciyar lissafi a kamfanin da ya yarda ya gwada mu. Ta buɗe manhajar, ta saka takarda, sakamako ya fito. Sai ta jawo kalkuleta daga aljihun tebur, ta ɗora yatsa a kan takardar, ta bi layi-layi tana sake lissafawa. Na tambaye ta dalili. Ta ce makon da ya wuce manhajar ta karanta 7 a matsayin 1, kuma ba ta nuna wata alamar shakka ba. Ta ce, "Malam, in dai sai na sake duba komai, to me ta rage min?"

Ban yi barci sosai a daren ba. Abin da ya dame ni ya wuce kuskuren lamba ɗaya. Na gane cewa wata shida ina gudun irin wannan zaman, saboda ɗakin nuni ya fi daɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ban taɓa shiga ɗakin mai amfani da manhajarmu ba.

Bari in yi maka bayanin abin da ke jawo haka. Injinan harshe irin su GPT, waɗanda ake gina irin waɗannan manhajoji a kansu, hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya suke yi, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da su da shi. Shi ya sa suke faɗin daidai da kuskure da murya ɗaya, cikin natsuwa ɗaya. Ɗauki misali manhajarka na yin daidai sau 95 cikin 100. A wajen nuni wannan abin burgewa ne. A ofishin da ake saka takarda 1,000 a rana kuwa, kuskure 50 ke nan kullum, kuma ba wanda ya san inda suka ɓuya. In aikin yana da matakai 10 a jere, kowanne da wannan ƙimar, damar a kai ƙarshe lafiya lau ta sauko kusan 60 cikin 100. Kuskuren kuma a wuyan mutane yake sauka. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in bogi da manhajar hira ta ChatGPT ta ƙirƙiro. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta umarci kamfanin jirgin sama na Air Canada ya biya wani fasinja diyya, bayan manhajar hira ta shafinsu ta ba shi bayanin rangwame da ba daidai ba. Wanda zai saya a wurinka ya san irin waɗannan labaran.

Abin da ya cece mu bai da ƙyalli ko kaɗan. Mun tattara takardu na gaske, masu tabo da masu karkataccen hoto da waɗanda aka yi wa gyara da biro, muka rubuta amsar kowacce da hannu. Duk sauyin da muka yi wa manhajar sai mun gwada ta a kansu kafin ta fita. Sannan muka sa ta riƙa yi wa duk lambar da take shakka a kai alama, tare da nuna wurin da ta ɗauko ta a jikin takardar. Bayan wasu makonni na koma wurin matar nan, na tarar layukan da ke da alama kawai take dubawa. Ranar ce na fara jin muna da abin sayarwa.

Abu na biyu da zan so ka yi tunani a kai: in a kan injin wani kamfani kuka gina manhajarku, to a filin aro kuke gini. A Oktoban 2022 kamfanin Jasper, mai manhajar rubutu da aka ɗora a kan injin kamfanin OpenAI, ya tara jarin dala miliyan 125, aka kimanta darajarsa dala biliyan 1.5. Ranar 30 ga Nuwamban shekarar OpenAI ya saki ChatGPT kyauta, yana yin kaso mai yawa na wannan aikin. A 2023 Jasper ya rage ma'aikata. Ba ina hana ka amfani da injin wasu ba ne, domin horar da naka daga tushe kuɗi ne da ƙaramin kamfani ba zai iya ba, ga kuma buɗaɗɗun injina irin su Llama na Meta da za ka iya ɗorawa a kan na'urarka. Amma ka tambayi kanka, in gobe mai filin ya ƙara wannan aikin a cikin hajarsa, me zai rage a hannunku? Taƙaita takardu kaɗai aiki ne da manyan manhajojin hira duk suna yi. Sanin takardun sana'a guda ciki da bai, da shiga cikin tsarin aikin mai saye har ya saba da ku, su ne ke da wuyar kwaikwaya.

Ka kuma lissafa kuɗin gudanarwa tun yanzu. Manhaja ta gargajiya in ka gina ta, ƙarin mai amfani ɗaya ba ya ci maka wani abin kirki. A nan kuwa kowace tambaya ana cajin ka gwargwadon yawan rubutun da ya shiga da wanda ya fita. Mu mun sa farashi ɗaya a wata ga kowa, sai ya zama abokin cinikin da ya fi son manhajarmu shi ne ya fi jawo mana asara.

Game da abokinka, ku zauna ku rubuta komai tun ana dariya: kason kowa, aikin kowa, da abin da zai faru in ɗaya ya gaji. Tsarin da aka saba shi ne hannun jarin kowane mai kafa kamfani ya riƙa zama nasa a hankali cikin shekara 4, wanda ya tafi kafin cikar shekarar farko kuma ya tafi hannu rabbana. Na jinkirta wannan magana saboda kunya, kuma da ta zo daga baya ta fi zafi ninki biyu. Har yau ina jin nauyin wasu ma'aikata biyu da na ɗauka da wuri saboda ɗokin jarin da ya shigo, na zo na sallame su ba da laifinsu ba. Mutane ne masu iyali, kuma sun amince da ni.

To, ka ajiye aiki ko kada ka ajiye? Ni dai da ni ne, ba yanzu ba. Ka fara duba yarjejeniyar aikinka, domin wasu kamfanoni kan yi iƙirarin mallakar abin da ma'aikacinsu ya ƙirƙira. Sannan ku zaɓi sana'a ɗaya, ku nemi mutum uku da takardu ke ci musu lokaci kullum, ku roƙi izinin zama kusa da su suna aiki da manhajar da takardunsu na gaske, bayan kun yi yarjejeniya a rubuce kan sirrin bayanansu. Ku rufe baki ku kalli hannayensu: ina suka tsaya, ina suka koma wa tsohuwar hanya. Bayan wata guda ku faɗa musu farashi. In biyu daga cikinsu sun biya, kuma kana da ajiyar da za ta riƙe gidanka na tsawon shekara ba tare da albashi ba, ka sake rubuto min mu yi maganar takardar ajiye aiki.