Aiko Hula Ingila: Abin da Kwali Ke Ci

Malam, barka da aiki. Ka tambaya me ya sa 'yan'uwa na nan Ingila ke yaba hulunanka, har su taya, amma da ka faɗi kuɗin aikawa sai ka ji ɗif. Har ka ce ko rowa ce. To, matsalar tana jikin kwalin da kake saka hular.

Kamfanonin aika kaya ta jirgin sama irin su DHL da FedEx da UPS awo biyu suke yi wa kaya. Su ɗora a sikeli, sannan su auna tsawo da faɗi da tudu na kwalin da santimita, su ninka ukun da juna, su raba da 5000. Abin da ya fita shi ne nauyin gurbi, wato wurin da kayan ya tare a cikin jirgi. Wanda ya fi yawa a cikin biyun, shi za a caje ka. Hula kuwa aba ce marar nauyi mai cin wuri, kusan kullum gurbi ne ke kayar da ita.

Ɗauki kube mai lamba 22. Inci 22 kusan santimita 56 ke nan a kewaye, faɗin bakinta ya kusa 18. In an wanke ta, an sa mata sitati ta tsaya cak, sai kwali mai 20 da 20 da 12. Ninka, 4,800. Raba da 5000, ka samu 0.96, kilo ɗaya ke nan. A ce hular giram 80 ce, kwalin 120: giram 200 ka aika, ka biya kuɗin kilo guda. Sauran duk iskar cikin hular ce. Ka dai ɗora taka a sikelin masu gwal ko na kicin ka gani, don Bama mai cikakken ɗinkin hannu ta fi ta inji nauyi nesa ba kusa ba.

Yanzu ninke ta yadda take zuwa daga hannun mai ɗinki. Tsawonta bai wuce 28 ba, kauri kamar 2. Guda ashirin, layi biyu goma-goma, za su shiga kwali mai 30 da 28 da 20, lissafi ya ba da 3.36, a caje ka kilo uku da rabi, don a ƙananan kaya rabin kilo rabin kilo ake hawa, kuma sama ake cikewa. In ka danne su a leda tudun ya dawo 12, lissafi 2.02 ne, wannan ɗan ɗigon ya kai ka kilo biyu da rabi. Sa reza ka rage bakin kwalin da santimita ɗaya, ya koma 1.85, sikeli kuma ya nuna 1.9, ka biya na kilo biyu. Daga waje ake auna kwali, kuma in ya yi tumbi, daga kan tumbin za a ɗauki awo. Shi ya sa cusawa da ƙarfi ke jawo asara.

Sai dai ga inda al'adarmu ta nan ta shigo. Ba mu da masu wankin hula a bakin kasuwa kamar Kano ko Maiduguri. Mutum a Manchesta in hularsa ta karye, sai dai ya lallaɓa ta da dutsen guga da sitatin fesawa, ko ya jira mai tafiya gida. Kuma hula a nan ta Juma'a ce da Sallah da ɗaurin aure da suna. Ba wanda ke zuwa aiki da zanna a cikin wannan ruwa da iska. Don haka mai saye yana son ta iso a shirye. Mafita ita ce a wanke, a sa sitati kaɗan, a ninke ta a kan karinta na asali, a zura siririn kwali a ciki don kada ɗinkin ya tattare. Wadda dole sai a tsaye, kamar dara, a jera su ciki-ciki, 21 cikin 22, 22 cikin 23. Masu lamba ɗaya ba sa shiga juna sai sun ɓata baki.

A bar ta ta bushe ƙarau kafin a rufe leda. Sitati mai laima in ya kwana biyu a rufe, fumfuna yake yi, farin zare ya yi dabbare-dabbare. Kada kuma ka jefa kwalbar turare a ciki wai kyauta ga mai saye. Turare mai sinadarin barasa kaya ne mai kama wuta a dokar jirgi, ana iya tsare kwalin gaba ɗaya saboda shi.

Ba ma sayen hula ɗai-ɗai daga gida. Rabin kilon farko shi ya fi kowanne tsada, saboda haka jama'a kan haɗa oda, yawanci tun farkon azumi ko wata guda kafin Babbar Sallah, a turo wa mutum ɗaya amintacce, shi ya raba. Wasu a masallaci za su karɓa, na nesa a sa musu a gidan waya. A Royal Mail, gidan wayar Ingila, abin da bai wuce santimita 35.3 da 25 da 2.5 ba, kuma bai haura giram 750 ba, a matsayin babbar wasiƙa yake tafiya, ya fi ƙunshi araha sosai, ya kuma shige ta kafar wasiƙa ta ƙofa ko mai gida ba ya nan. Ninkakkiyar hula na shiga wannan awon, tsayayya ba ta shiga. Akwai kuma masu kargo da ke caji kilo-kilo, da matafiyi mai rarar wuri a jakarsa ta kilo 23. Su ma ka tambaye su ko da sikeli kaɗai suke aiki ko har da tef.

Gidan waya na ƙasa da ƙasa na karɓar ƙaramin ƙunshi har kilo 2, muddin tsawo da faɗi da tudu a haɗe ba su wuce santimita 90 ba. Ya fi sauƙin kuɗi, ya fi jinkiri; ba hanyar kayan Sallah ba ce.

Sai kwastam. Daga 1 ga Janairu 2021, kayan sayarwa da bai haura fam 135 ba, mai sayarwa ne ake so ya yi rajista ya karɓi harajin VAT na kashi 20 tun wajen ciniki. In ya haura, a bakin shigowa ake karɓa, kuma har kuɗin aikawa ake haɗawa a lissafin, don haka ƙaton kwali sau biyu yake cizo. Kyautar da ake yafe wa haraji ita ce wadda ba ta haura fam 39 ba kacal, hula ashirin kuma ba mai yarda kyauta ce. Rubuta gaskiyar kuɗi, da adadi, da cewa hular yadi ce. Lambarta a kwastam da 6505 take farawa. In kana da masu saye a Amurka, tun 29 ga Agusta 2025 aka dakatar da sassaucin yafe haraji ga kayan da bai haura dala 800 ba, ko hula ɗaya ce sai an biya mata haraji.

Kafin ka sake faɗa wa wani farashi, naɗe odar tukuna, ka auna kwalin da tef ɗin tela, ka tambayi wakilin kamfanin jimla har da ƙarin kuɗin mai, sannan ka raba a kan kowace hula.